Mutumin da Baba Ke Kira a Rijiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata baiwar Allah ta rubuto min cewa mahaifiyarta ta daina gane ta, har tana korar ta daga ɗaki tana ce mata ɓarauniya, ta tambaye ni ko na taɓa ganin irin haka. Na gani, ƙanwata, tun kafin a haife ki. Ku gyara zama, yau zan buɗe muku abin da na daɗe ina dannewa a ciki.

Sunana Sakinatu. A bazarar 1984 ina da shekara ashirin, na gama makarantar horon malamai, takardar ɗaukar aikina tana ƙasan akwati, wata takwas ban je na kama ba. Lokacin muna jihar Kaduna, ba a ba mu Katsina ba tukuna. Gidanmu a Kurfi yake, ginin ƙasa mai zaure ɗaya, da tsamiya a bayan katanga, da rijiya a tsakar gida wadda Baba ya gina da hannunsa. Sana'arsa ke nan. Daga Kurfi zuwa Wurma har ƙauyukan Dutsin-Ma, in ka sha ruwa mai daɗi, da wuya in ba Mamuda Mai-rijiya ne ya taɓo idon ruwan ba.

Inna ta rasu shekara huɗu kafin nan. Yaya Sabitu yana aikin masaƙa a Kaduna da iyalinsa. Sai ya zamana daga ni sai Baba, sai Gwaggo Rahamatu, ƙanwarsa, da ke leƙowa daga gidan aurenta in ta samu sarari.

Abin ya fara kamar wasa. Sai ya yi alwala sau uku don salla ɗaya. Ya cinye tuwo, ina ɗauke akushi ya ce, "Yau ba a ba mutane abinci a gidan ga?" Daga nan ya koma kira na Fatu, sunan Inna. Daga nan ya ƙi karɓar ko ruwa a hannun kowa sai nawa. Abin da bai kamata 'ya ta gani a jikin mahaifinta ba na gani, na wanke, na shanya, na yi shiru.

Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ke tayar min da tsigar jiki shi ne tsakar rana.

Kun san rana tsaka a bazara, lokacin da gari ke yin tsit, kaji su buɗe baki a gindin rumbu, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Lokacin da iyaye ke hana yara zuwa gindin tsamiya. To daidai wannan lokacin Baba zai miƙe daga tabarma kamar an kira shi. Mutumin da sai na tallafe shi zuwa bayan gida, sai ga shi yana tafiya tsaf ba sanda. Ya durƙusa a bakin rijiya, ya zura kansa ciki.

"Jibo! Jibo, kana ji na? Kama igiya!"

Rijiya ta maido masa da muryar. Sai ya karkata kunne ya yi shiru, yana gyaɗa kai, wallahi kamar mai sauraron amsa. Wani lokacin har ya ce, "To, to, na ji. Yi haƙuri."

Ni dai ban san wani Jibo ba, kaf danginmu babu mai wannan suna.

Maƙwabta suka fara hana 'ya'yansu ɗibar ruwa a gidanmu. Yaya Sabitu ya aiko da wasiƙa cewa a kai Baba gidan mari a sa masa sarƙa kafin ya faɗa rijiya. Gwaggo kuma kullum zancenta ɗaya.

"Sakina, sa'o'inki duk sun yi goyo. Yaron nan malamin gona ba zai ta jiran ki ba. A kulle babanki a ɗaki, in riƙa aiko da abinci, ke ki tafi ɗakinki."

"Gwaggo, ba ya ci a hannun kowa."

"Yunwa za ta koya mashi."

Malamin gonan da take nufi shi ne Tukur. Ɗan Kuki ne, yana aiki a ofishin gona na Dutsin-Ma, dogo, baƙi, mai wushirya, kullum cikin safari ruwan toka da biro biyu a aljihu. Duk Juma'a bayan la'asar zan ji ƙarar babur ɗinsa ta tsaya a ƙofar gida, in yi sauri in ɗaura atamfata mai ganyen rogo, in zizara kwalli, in goge hannu da lemon tsami don kada ya ji ƙarnin wankin da na yi. Sauran kwanaki kuma wasiƙa, a hannun direban motar kasuwa, cikin ambulan mai shuɗin baki. A zaure muke zance, ban taɓa bari ya ga Baba ba. Kunya nake ji, Allah ya yafe min.

Mutum ɗaya ce ke shigowa gidanmu ba tare da tofa addu'a a bakin ƙofa ba, Sista Priscilla. Nas ce a Dutsin-Ma, Kirista daga kudancin Kaduna, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Wani likita ne a Zariya yake bincike kan gidajen da ke jinyar tsofaffi masu irin wannan larura, ita kuma take zagayawa da takardar tambayoyi duk bayan mako biyu. Ranar da ta fara zuwa na ɗauka Baba za ta duba. Ta gaishe shi, ta zauna a kan turmi, ta juyo gare ni.

"Ba iska ba ne, Sakinatu, kuma ba hauka ba ne. Gigin tsufa ne, ƙwaƙwalwa ce ke gajiya. Jiya ta ɓace masa, shekara talatin baya kuma tana gabansa kamar yanzu. Ke awa nawa kike barci?"

"Ni?"

"Ke. Yaushe rabon ki da zuwa biki? Wa yake karɓar ki in kin gaji?"

Na buɗe baki in ce lafiya lau, sai kuka ya ƙwace min. Shekara biyu kowa na tambayar jikin Baba, ba wanda ya taɓa tambayar nawa. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta sa aka yi wa rijiya murfin katako da kwaɗo, ta samu Gwaggo ta roƙe ta ta riƙa karɓa ta yini ɗaya a mako. Ta kuma ce min, "Kada ki yi masa gardama. In ya ce ke Fatu ce, ki amsa. Ba ƙarya kike ba, inda yake kika je kika same shi."

Murfin nan shi ya jawo abin da ya biyo baya. Ranar Talata da rana tsaka ina wanke zanin gadonsa a bayan ɗaki, na ji shiru ya yi yawa. Na fito, tabarma ba kowa, ƙyauren zaure a buɗe. Ya je rijiya ya tarar da kwaɗo, sai ya fita.

Ko gyale ban ɗauka ba. Na bi kasuwa, na bi masallaci, na leƙa kowane kududdufi da ya ƙafe, ƙasa tana gasa min tafin ƙafa. Sai wajen la'asar, ina zaune a dakalin ƙofar gida muryata ta dushe, na ji ƙarar babur ɗin da na sani. Tukur ne, ba ranar zuwansa ba, Baba a bayansa ya rungume shi ƙam, hularsa ta ɓace, ƙafafunsa sun yi butu-butu.

"A hanyar Wurma na same shi," in ji Tukur. "Ya bar titi ya shiga wata gona, yana tona ƙasa da hannu."

"Malam, ya aka yi ka gane shi? Ai ba ka taɓa ganin sa ba."

Sai ya sunkuya yana sauko da shi. Baba kuwa ya ƙi sakin rigarsa. Yana shafa fuskar Tukur da yatsunsa masu ƙasa, hawaye na bin gemunsa.

"Fatu, kin gani? Jibo ya hito. Na ce maki zai hito. Ko ƙurjewa bai yi ba."

Na kalli Tukur ina jiran ya yi dariya ko ya ce a'a Baba, ni ne wane. Ko ɗaya bai yi ba. Tsaye yake ƙiƙam kamar an dasa shi, ya bar tsohon yana laluben fuskarsa. Da ƙyar na ɓamɓare hannun Baba. Tukur ya hau babur ya tafi ko sallama babu.

Daga wannan rana Baba ya rufe bakinsa. Na dama fura da nono mai kyau, ya kau da kai. Na yi kunun tsamiya, ya ture. "Sai Jibo ya ci," shi ke nan abin da yake faɗa. Kwana ɗaya, kwana biyu. A na uku idanunsa suka faɗa, leɓɓansa suka tsattsage, ruwa ma sai in ɗiga masa da cokali. Juma'a ta zo ta wuce ban ji ƙarar babur ba.

Ranar Asabar na tsare Gwaggo a madafa.

"Gwaggo, don girman Allah, wane ne Jibo?"

Ludayin da ke hannunta ya tsaya. Ta leƙa tsakar gida, sannan ta rage murya.

"Abokin aikinshi ne, tare suka tashi. Ana saura shekara uku Turawa su tafi suka karɓi ginin wata rijiya a Wurma. Zurfin ya kai gaba goma sha biyu, Jibo na ciki, babanki na sama riƙe da igiya, sai gefe ya zabtare. Da rana tsaka. An yi kwana biyu ana tono ba a kai gare shi ba, sai liman ya ce a yi mashi salla daga sama a cike ramin. Nan ne kabarinshi. Babanki ya yi shekara bai taɓa magana a kai ba, mu ma muka bari."

"Ba shi da iyali?"

"Amarya gare shi, Hawwa'u, da tsohon ciki. Danginta suka zo suka tafi da ita Kuki. An ce namiji ta haifa."

Kuki. Sai na ji kamar an zuba min ruwan randa a baya. Tukur ya taɓa faɗa min cewa bai san mahaifinsa ba, yana ciki ya rasu, kawunsa ne ya riƙe shi har yake amsa sunansa a makaranta. Shekarunsa ashirin da bakwai. Na lissafa da yatsu a cikin zani, na sake lissafawa. Ban ce wa Gwaggo komai ba. A raina na ce, bai sani ba, kuma ba daga bakina zai ji ba. Kada ku zage ni, 'yan uwa. Ina son sa, kuma shi kaɗai ne ƙofar da nake hangen haske ta cikinta.

Litinin Sista ta zo. Ta ja fatar hannun Baba ta saki, fatar ta tsaya a tattare. Fuskarta ta canza.

"In bai ci ba nan da kwana biyu sai mun kwantar da shi mun sa masa ruwa, kuma irin su ba sa jure baƙon wuri. Wanda yake kira ɗin nan, akwai wanda yake ɗauka shi ne?"

"Akwai."

"To ki kira shi. Ya zauna, ya amsa sunan, ya ci loma ɗaya a gabansa. Ba abin da zai rage shi da shi."

Na yago takarda daga tsohon littafina na makaranta na rubuta: "Malam, Baba yau kwana shida bai ci ba. Ya ce sai ka ci. In kana yi wa Allah ka zo, ko da daga nan ba za ka sake zuwa ba." Sista da kanta ta tafi da ita Dutsin-Ma.

Washegari ya zo, kuma bai tashi zuwa ba sai da rana ta take tsaka. Ba safari a jikinsa, wata tsohuwar riga ce ta saƙi, fara da ta koma ruwan ƙasa, ta yi masa gajarta a hannu. Ban taɓa ganin sa da ita ba. Ya yi sallama ya shigo har tsakar gida. Gwaggo tana bakin madafa, tana ganin sa muciya ta faɗi daga hannunta, na ji tana salati a hankali.

Baba yana jingine da bangon rijiya, nan ya rarrafa ya zauna tun hantsi. Na ajiye akushin tuwon dawa da miyar kuka a tsakaninsu, na koma gefe na durƙusa. Ko iska ba ta motsi, ganyen tsamiya kamar an zana shi.

"Jibo?"

Tukur ya matso kusa. "Na'am, Mamuda."

Yadda ya faɗi sunan, gatsau ba Baba ba Malam, shi ya sa na ji gashin jikina ya miƙe. Ya sa hannu ya yanki loma ya ci. Baba ya bi lomar da ido har ta wuce maƙogwaro, sannan ya miƙa hannunsa ya yanka shi ma. Ɗaya, biyu, uku. Ina ƙirgawa ina hamdala a zuci. Ya sha ruwa rabin moɗa. Na ce shi ke nan, Allah ya kawo sauƙi.

Sai ya ajiye moɗar. Ya dubi Tukur da wasu idanu tar, irin waɗanda rabon da in gan su tun Inna na da rai.

"Na ce masu igiya ta tsinke."

Ya ja numfashi ya ci gaba.

"Ba ta tsinke ba, Jibo. Ƙasa ta fara tahiya ƙarƙashin ƙafata, nauyinka na ja na, na ga bakin ramin na zuwa. Kana ce min ja, ja. Na saki. Da hannuna na saki. Sannan na yanke ta da wuƙa don mutane su gani."

"Yaya, yi shiru!" in ji Gwaggo. "Ba ya cikin hankalinshi, ɗan nan, kada ka kama zancenshi!"

Ni ma abin da nake faɗa wa kaina ke nan. Sista ta taɓa ce min ƙwaƙwalwarsu tana haɗa abin da ya faru da abin da suka ji tsoro. Wataƙila shekara ashirin da bakwai yana zargin kansa har zargin ya zame masa gaskiya. Wataƙila. Amma na san muryar Baba in yana cikin gigi, kuma ba ita ce wannan ba.

Tukur bai ɗaga kai ba. Jijiyar wuyansa kawai nake gani tana harbawa, miya na bushewa a yatsunsa.

Baba ya kamo hannunsa. "Ba ni da shanu, ba ni da raƙuma. Diyyarka ta fi ƙarfina." Ya waiwayo, ya dube ni, kuma a karon farko cikin shekara guda ya kira ni da sunana. "Sakinatu, zo nan."

Na matso da gwiwa. Ya ɗauki hannuna ya ɗora a kan na Tukur, ya danne da nasa.

"Ga ɗiyata. Ita kaɗai gare ni mai daraja. Na ba ka. Ka karɓa ka bar ni in kwanta."

Wata nawa ina kuka a kan sallaya ina roƙon Allah ya ba Baba lafiyar minti ɗaya ya sa wa aurena albarka da bakinsa. Ga shi an ba ni minti ɗayan, amma ba Tukur yake ba ni ba, mamaci yake biya da ni.

Hannun Tukur sanyi ƙalau a cikin wannan zafin. Ya dubi Baba ya ce:

"Na karɓa."

Baba ya saki ajiyar zuciya, ya zame ya kwanta a inuwar bangon rijiya, nan take barci ya ɗauke shi kamar jariri.

Tukur ya wanke hannu ya fita. Na bi shi zaure.

"Malam, ka yi haƙuri. Akwai abin da ya kamata in faɗa maka tun ranar Asabar. Jibon nan da yake kira…"

"Rigarsa ce a jikina, Sakina."

Na sake duban rigar.

"Tun ina ɗan shekara bakwai Innata take ce min wanda ya riƙe igiyar yana Kurfi, yana ci yana sha. Ba ta taɓa yarda igiya ta tsinke ba, ita ta murɗa ta da hannunta, sabuwa ce. Da aka turo ni aiki Dutsin-Ma, ranar hutuna ta farko nan na zo. Na tsaya a gindin waccan katangar ina jiran ya fito in ga fuskarsa. Sai ke kika fito zubar da ruwan wanki."

"Ke nan duk zuwan da kake yi…"

"Na farko don shi na zo. Na biyu ban san don wa na zo ba. Daga na uku kuwa Allah ya sani don ke ne."

"Yanzu da ka ce ka karɓa, wa ya karɓa? Kai, ko ɗan Jibo?"

Ya kalle ni, idanunsa jawur. "Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan." Ya kama kan babur ya tsaya, bai juyo ba. "Na faɗa wa Innata komai ranar da na tsince shi a gonar nan, a kan kabarin yake tono. Ta ce gobe za ta zo daga Kuki. Tana so ta gan shi da idonta, ta gan ki."

Ya tayar da babur ya tafi. Na tsaya a zaure har ƙarar ta ɓace, sannan na ja ƙafa na koma ciki ina tunanin ta inda zan fara faɗa wa Gwaggo.

Na tarar Baba ya farka, yana zaune daram, yana kakkaɓe ƙasa daga gemunsa. Tsakanin zaure da rijiya akwai katanga biyu, ko ihu aka yi da ƙyar ake ji, balle Baba da kunnensa ya yi nauyi tun bara. Ya ɗago ya dubi Gwaggo yana murmushi.

"Rahamatu, a share tsakar gida, a shimfiɗa sabuwar tabarma. Gobe Hawwa'u na tahe."